Mai rauni a ƙwaƙwalwa: a nan na'ura ke gadin barcinsa, a gida mai jinya

Duk wanda ya taɓa jinyar mutumin da ya bugu a kai ya san yadda dare da rana ke juye masa. Da hantsi yana sharar barci, ƙarfe biyun dare kuma ido biyu, yana ta mutsu-mutsu. A gida mukan ce zafin ciwo ne, wasu ma su ce iska ce. A nan Kanada, inda nake aikin kula da marasa lafiya, abin awo ne, kamar yadda ake awon hawan jini.

Jiki yana da nasa agogon, wani ɗan curi ne a ƙasan ƙwaƙwalwa wanda hasken da ke shiga ido yake saitawa. Shi ke sa sinadarin melatonin, mai shirya jiki ga barci, ya ƙaru da dare, zafin jiki kuma ya sauka gab da asuba. A Montreal masu bincike sun ɗaura wa mutum 30 masu rauni a kai wata na'ura mai kama da agogon hannu, tana rubuta motsinsu dare da rana. Sun ga cewa dawowar hayyaci da daidaituwar barci tare suke tafiya. A 2017 kuma, a Salzburg ta ƙasar Austiriya, an auna zafin fatar mutum 18 da ba su gama farfaɗowa ba. Zagayen agogon jikinsu ya kama daga awa 23.5 zuwa 26.3, kuma waɗanda nasu ya fi kusa da awa 24 su suka fi nuna alamar farkawa. Adadin ba shi da yawa, kada a ɗauka magani aka gano. Amma hanya ce.

Abin da ke ci mini rai shi ne, abin da na'urar nan ke tattarawa, muna da mai tattara shi a gida kyauta. Uwa ko ƙanwa ta shimfiɗa tabarma a gindin gado, ta san lokacin da ya runtsa, ta san sa'ar da ya buɗe ido. Likita ya zo zagaye, tambayar ba ta wuce "Mama, ya jikin nasa?", ita kuma ta ce "Da sauƙi, likita." Shi ke nan, ilimin dare guda ya bi iska. Da za a miƙa mata takarda da biro ta riƙa saka alama duk awa, ko barci ko farke, mako ɗaya ya isa a ga ko agogon ya fara komawa kan saiti. Masu buƙatar hakan suna da yawa, don yaran da acaɓa ke kayarwa babu hular kwano ba kaɗan ba ne.

Ba wai nan Kanada ɗin aljanna ba ce. Da hunturu, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi, majinyaci na kwance ƙarƙashin fitilar lantarki, na'urori na ta ƙara, ba kowa a gefensa. Mu kuwa rana ba ta yi mana rowa, ga kiran salla yana raba wa kunne lokaci. Sai dai muna ɓata abin da hannunmu: taga a rufe wai kada iska ta buge shi, 'yan dubiya kuma cike da ɗaki har bayan isha, kowa na kunna tocilar waya a fuskarsa ya ga ko zai gane shi. A buɗe labule da safe, a sallami 'yan dubiya da magariba, ko da surukai ne.