Shanya Injin a Rana Ba Ya Isa Bayan Ambaliya

Masu masana'antu da dama a Idu da sauran sassan Abuja suna ɗauka cewa idan ambaliya ta shiga ɗakin injina, ya isa a shanya kayan lantarkin a rana sannan a mayar musu da wuta. Wannan kuskure ne mai tsada, domin ruwan ambaliya yana zuwa da laka da mai da ƙazanta, kuma ko bayan injin ya bushe a ido, danshi da dattin suna nan maƙale a cikin koyil, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke cikin injin, inda suke ba wuta hanyar zurarewa har ta ƙona shi.

Abin da ya dace shi ne a yanke wuta daga tushe, ƙwararren injiniya ya kwance injin, ya wanke shi, ya busar da shi a tanda da zafi mai sauƙi, sannan ya auna ƙarfin rufin wayoyin da na'urar Megger kafin a kunna. Ita kuwa taransifoma, sai an gwada man da ke cikinta an tabbatar ruwa bai gauraya da shi ba.

Fis da ƙananan bireka da suka nutse ba a gyara su, sauya su ake yi, domin tsatsa na iya hana su yanke wuta ranar da aka fi bukata.