Italiya: Dokar Meloni ƙofar talaka kaɗai ta sani

Tun da gwamnatin Firaminista Giorgia Meloni ta fito da dokar tsaro a Afrilun 2025, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 7 ga wanda ya mamaye gidan wani da kuma wanda ya taya shi, labari ɗaya magoya bayanta ke maimaitawa: tsohuwa ta kwanta asibiti, ta dawo ta tarar an sauya mata kwaɗon ƙofa. Hakan na faruwa, kuma mai yin sa ɓarawo ne. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka mai da wannan tsohuwa bulalar dukan dubban iyalan da ba su taɓa ƙwace ɗakin kowa ba.

A dubi ginin Spin Time a birnin Rum. Tsohon ofishin hukumar fanshon ma'aikata ne da aka bari a rufe, har marasa muhalli suka shiga a 2013. Mutum sama da 400 ke zaune ciki, Italiyawa da baƙi, har da yara 'yan makaranta. Da aka yanke musu wuta a Mayun 2019 saboda bashi, sai da Kadinal Konrad Krajewski, mai rabon sadakar Fafaroma, ya sauka ramin mita da kansa ya maido ta. Matteo Salvini, ministan cikin gida na lokacin, bashin ne ya dame shi. Yaran da suka yi kwanaki cikin duhu ba su dame shi ba.

Ba da Meloni aka fara wannan rashin imani ba. Dokar gidaje ta 2014, zamanin Firaminista Matteo Renzi, ta hana mai zama a ginin da aka mamaye rajistar adireshi, ta hana a ja masa ruwa da wuta. A Italiya kuwa wanda ba shi da adireshi a hukumance wahala yake sha kafin ya sami likitan iyali ko tallafin gwamnati. A Agustan 2017 aka fitar da ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Eritiriya da Habasha daga wani gini kusa da dandalin Indipendenza a Rum, aka bi su da motar feshin ruwa, alhali yawancinsu ƙasar ce da kanta ta ba su mafaka.

Ina ake so su je? Asusun Gescal, da ake cire wa ma'aikata kuɗi don gina gidaje masu rahusa, ya mutu tun 1998, ba a maye gurbinsa da abin kirki ba. Iyalai kusan 650,000 ke layin jiran gidan gwamnati. A Milan dubban irin waɗannan gidaje na kulle saboda an ƙi gyara su, masu gidajen haya kuma sun gwammace 'yan yawon buɗe ido na Airbnb, manhajar hayar masauki na 'yan kwanaki. Masu cewa haƙƙin mai dukiya ake karewa su fara gaya mana wace dukiya ce mai ita zai bari ta shekara goma tana ruɓewa.

Maganar bin doka ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. A ranar 21 ga Agustan 2025 'yan sanda suka rufe Leoncavallo, cibiyar matasa masu ra'ayin sauyi da ta faro a Milan tun 1975, Meloni ta ce babu wurin da ya fi ƙarfin doka. To ƙungiyar CasaPound, mai alfahari da aƙidar Mussolini, tun 2003 ta mamaye ginin gwamnati a tsakiyar Rum. Ranar da aka rufe Leoncavallo, CasaPound ta shekara sama da ashirin a ciki, ministan cikin gida Matteo Piantedosi kuma abin da ya iya faɗa shi ne layi zai zo kanta.

A gyara gidajen gwamnati da ke kulle a zuba mutane. A soke sashen nan na dokar 2014. Ginin da aka yasar, iyalai suka raya shi, hukumar birni ta saye shi ta yanka musu hayar da za su iya biya.