Ku karanta maƙalar kafin ku duba sunan mujalla

'Yan uwana matasa masu bincike, akwai wata ɗabi'a tamu da ke damuna. A miƙo wa mutum maƙala, kafin ya karanta ko layi ɗaya sai ya leƙa sunan mujallar da ta buga ta. In ya ga Nature ko Science ya miƙa wuya, in ƙaramar mujalla ce ya ture ta gefe.

Gaskiya ne maƙalun da aka fi ambato a cikin wasu bincike sun fi taruwa a mujallu kaɗan. Tun 1934 Samuel Bradford, wani ma'aikacin laburare a Landan, ya lura cewa a kowane fanni 'yan mujallu ƙalilan ne ke ɗauke da babban kaso na rubuce-rubucen, sauran kuma su warwatsu cikin ɗimbin mujallu. Amma a cikin mujalla guda ma haka rabon yake. A 1992 wani mai bincike, Per Seglen, ya nuna cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na maƙalun mujalla ne ke kwashe rabin ambaton da take samu. Ke nan ma'aunin tasirin nan da ake ta alfahari da shi, wato matsakaicin yawan ambaton da maƙalun mujalla ke samu, 'yan tsirarun maƙalu ne ke ɗaga shi sama, mafi yawan sauran ba su kai lambar ba. Zama kusa da mai turare ba ya mai da mutum mai turare.

Ku tuna masanin kimiyya Hans Krebs. A 1937 Nature ta mayar masa da rubutunsa kan yadda ƙwayoyin halitta ke samar da kuzari, ya kai shi wata mujalla mai suna Enzymologia, a 1953 kuma ya karɓi kyautar Nobel. Maƙalar Oliver Lowry ta 1951 kan auna furotin, wadda ƙididdigar 2014 ta nuna an ambace ta fiye da sau 300,000, a mujallar masana fanninta ta fito, Journal of Biological Chemistry.

Kada dai wani ya fake da wannan ya kai aikinsa mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tantancewa. Wannan zubar da mutunci ne.

Sanarwar San Francisco ta 2012, wadda wasu masana da editocin mujallu suka tsara kan yadda ake auna bincike, ta roƙi jami'o'i su daina auna mai bincike da ma'aunin mujalla. Mu fara daga kanmu. Duba hanyar da aka bi, da yawan samfurin, da ko sakamakon ya ɗauki nauyin iƙirarin. In za ku tura naku aikin, ku nemi mujallar da mutanen fanninku ke karantawa da gaske.