Wanda ya zare wayar jitar nan daren Asabar, da kai nake

Tun daren Asabar nake danne zuciyata, na ce ba zan tanka ba, amma abin ya ƙi kwanciya. Ga wanda bai ga bidiyon ba: wasu yara 'yan ban, wato ƙungiyar masu kiɗa da jita da ganga, suna tsakiyar wasa aka zare musu waya aka sa DJ, sannan aka rage musu kuɗin aikinsu. Abin da aka yi wa yaran nan a wancan lambun shaƙatawa na Yelwa a Bauchi zalunci ne tsagwaronsa, kuma duk wanda ya zauna yana tafa wa DJ bayan an zare musu waya, shi ma yana da kasonsa a ciki.

Ina wurin. Ba labari aka ba ni ba. Wayar da manajan ya fizge daga jikin mikisa, ni na yi mata soda da hannuna a shagona ranar Alhamis. Mutum biyar, tun la'asar suka loda ganguna da sifiku a Keke Napep biyu, suka zo suka haɗa kaya, suka gwada sauti rana na dukansu. Sun fara ƙarfe 8, har wajen 11 ba wanda ya zauna a cikinsu. Suna tsakiyar waƙa, waƙarsu ta kansu ma, ba ta aro ba, wani mai babbar riga a teburin gaba ya ɗaga hannu wai shi waƙar cikin wayarsa yake so a sa masa. Shi ke nan. Ko a jira su kai ƙarshen baiti ba a yi ba. Da aka tashi kuma, naira 40,000 da aka yi jinga ta koma 15,000 da kwanon farfesu, wai ba a yi ciniki ba.

Raba 15,000 gida biyar, ka cire kuɗin keke zuwa da dawowa, ka gaya mini abin da mai ganga ya kai gida.

Kiɗan hannu aiki ne. A biya shi. Iyakar maganata ke nan, kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji da ni.

Ku da kuke ganin wasa ne, kun taɓa kama hannun mai jita kun duba kan yatsunsa? Kanta ce kamar ta mai faskare. Tsirkiya shida ce ta ƙarfe, sai ta yanka ka, ta warke, ta sake yanka ka, kafin fatar ta saba. Mai bes, jitar nan mai kaurin sauti, da tsirkiyarsa huɗu, shi ne ba a kula da shi, amma ya tsaya na minti ɗaya ka ji yadda kiɗan zai zama fanko. Mai ganga kuwa hannu biyu da ƙafa biyu kowanne da nasa lissafin, sa'a uku yana yi, rigarsa sharkaf. Ba a wata shida ake koyon wannan ba. Yawancin yaran da kuke gani suna kiɗa a Bauchi tun suna 'yan shekara goma suka fara a coci, a ECWA ko COCIN, wasu daga Tafawa Ɓalewa da Bogoro, wasu daga Billiri da Kaltungo suka zo karatu jami'ar ATBU ko Poli ta Gwallameji suka haɗu a nan. Akwai kuma 'ya'yan cikin gari da suka koya a ɓoye ta YouTube, da jitar aro, suna rage ƙara kada Baba ya ji. Shekara goma, sha biyar mutum yana abu ɗaya, sai ka sallame shi da farfesu?

Kayan kuma ba daga sama suke faɗowa ba. Tsirkiyar kirki sai an aika Jos ko an yi saƙo daga Alaba a Legas, kuma da dala take tafiya. Fatar ganga ta fashe, haka. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kowane gwaji da za su yi sai sun yi karo-karo sun zuba wa janareto mai, domin ba wanda zai jira wuta ya yi atisaye a garin nan. Kwana uku na gwaji kafin daren Asabar ɗaya. Wa ya biya wannan? Su. Daga aljihun ɗalibi da mai ɗinki da mai koyar da darasi a makarantar kuɗi.

Na san abin da za a cika mini ƙasan rubutun nan da shi, don tun jiya an fara a inbos.

Na farko: "Ai wurin giya ne, me ya kai ka?" Aiki ya kai ni, kuma ko ba aiki ba ni da abin ɓoyewa. Ban zo kare kwalba ba, kowa da kabarinsa. An ƙaddamar da shari'a a jihar nan tun 2001, kowa ya san unguwannin da irin waɗannan wurare suka rage da waɗanda babu, wannan wata magana ce daban, ku buɗe naku shafin ku yi ta. Abin da na sani shi ne tun muna allo aka karantar da mu cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ban ji an ce ban da wanda ya yi gumin a Yelwa ba. In zama a wurin laifi ne, cin haƙƙin mutum a wurin laifi biyu ke nan. Sannan ku da kuke ƙyamar wurin, wane zaure kuka taɓa buɗe musu? Wane ɗakin taro aka taɓa cewa ga shi, duk ƙarshen wata ku zo ku yi kiɗa, a sayar da tikiti da lemo? Babu. An toshe kowace ƙofa, an bar guda ɗaya, sannan ana zagin su don sun bi ta cikinta.

Na biyu: "Rok ba kiɗanmu ba ne." Wannan ta fi ba ni haushi, domin mai faɗarta yana faɗa ne waƙar situdiyo na tashi a wayarsa, wadda aka haɗa da fiyanon Yamaha da kwamfuta. Yamaha ɗin a Ningi ake ƙera shi? Mu mutanen tsirkiya ne tun kaka da kakanni: garaya, molo, gurmi, goge, kukuma. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, da gwangwanin kifi aka yi jikinsa, ya zaga duniya da shi har ya rasu a 2015. Jita ƙanwar waɗannan ce da aka jona wa wuta. Ku leƙa maƙwabta ku gani. Buzayen Agadas sun ɗauki jitar lantarki sun mayar da ita tasu, har biki ba ya cika a can sai da 'yan jita. Bombino daga can ya fito. Mdou Moctar jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta don gidansu ba sa so, yau a manyan dandalin Amurka da Turai yake kiɗa, kuma masana rok na can suna sa shi a sahun gaba. Tinariwen na Mali sun ci lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2012. A nan gida ma, iyayenmu sun yi rawa da kiɗan Bala Miller a Kaduna, cikakken ban da jita da ƙahonni, yana waƙa da Hausa. A shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, Najeriya ta cika da 'yan rok irin su BLO da Funkees da Ofege, su 'yan Ofege ma 'yan sakandare ne a Legas lokacin da suka fara. Faya-fayansu yanzu Turawa ke bi suna saye da tsada suna sake bugawa. To wane ne baƙon? In ba ka son kiɗan, ka ce ba ka so, ba dole. Amma rashin sonka ba ya mayar da 40,000 ta zama 15,000.

Na uku: "DJ ya fi arha." Gaskiya ne. Mutum ɗaya da laftof da filashi ya fi mutum biyar arha. To ka ɗauki DJ tun farko mana. Wa ya hana ka? Me ya sa ka buga fosta da hoton yaran, ka rubuta laif ban da manyan baƙaƙe, ka watsa a WhatsApp tun Litinin? Saboda ka san su ne za su cika maka kujeru. Ka ci da sunansu, ka ci da guminsu, da lokacin biya ya zo ka tuna DJ ya fi arha. Kunya ba ta kama ka ba?

Zancen ba a yi ciniki ba kuwa, ba zan ɓata yawuna a kansa ba. Na ga teburan. Kuma ko da ba a yi ba, dilan da ya kawo maka kaya ka ba shi sulusin kuɗinsa? Mai naman da ke bakin ƙofa ya yafe maka? Mai kiɗa kaɗai ne ake tuna wa da haƙuri.

Kiɗan hannu aiki ne, jama'a. A biya shi.

Wataƙila yaran yanzu ba su san abin da daren garin nan ya gani ba. Ranar 29 ga Mayu 2011 bam ya tashi a kasuwar mami ta barikin Shadawanka, mutane suna zaune suna hutawa. A 2014 aka sake yi a Bayan Gari. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan nan shekaru aka yi magariba na yi kowa ya shige gida, wanda ke da ganga ya tura ta ƙarƙashin gado, masu hali suka koma Jos da Abuja. Na san makaɗan da suka sayar da jitarsu suka sayi babur. Da ƙura ta lafa, waɗannan ƙananan ban ɗin ne suka fara fitowa, suna kiɗa wa kujera goma, kujera ashirin, har mutane suka sake yarda su zauna a waje bayan isha. Masu lambun da ke cika aljihu yau, a kan bayan waɗannan yaran suka hau.

Mu 'yan kallo ma ba mu fita ba. Mawaƙi zai zo biki da filashi, a sa waƙarsa, ya riƙe makirfo yana motsa baki, mu tashi mu yi masa liƙi har ƙasa ta rufe. Ban hana ba, rabonsa ne. Amma ga mutum yana fitar da sautin da yatsunsa a gabanka, in ya yi kuskure ka ji, in ya yi gwaninta ka ji, ka kasa zaro 500 ka ajiye masa a kan sifika. Sai ɗaukar bidiyo. Kowa ya ɗaga waya, kowa ya sa a sitatus, ba wanda ya tambaya ko sun ci abinci.

Ku kuma ƙannena 'yan ban, ku saurare ni da kyau, don ku ma kuna da naku. Ku daina yarda da "ku zo ku yi, za ku samu suna". Suna ba ya sayen tsirkiya. Ku karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, kafin ganga ta hau keke. A rubuta a takarda ko a tura ta saƙo, a sa sa'a nawa, a sa wa zai zuba mai. Kuma abin da ya fi ci mini rai: ban ɗaya ta ce 40,000, sai wata ta zagaya ta baya ta ce ita za ta yi a 20,000. Ku nawa ne duka-duka a garin? Kun san juna, kuna aron fedal da sanda a tsakaninku. In ɗaya ya ƙi hawa dandalin da aka wulaƙanta ɗan'uwansa, sauran ma su ƙi, wata biyu ya isa mai lambu ya zo yana neman ku da kansa.

Abin da ya hana ni barci shi ne yaron da ke jan jitar. Da aka zare wayar, sai da yatsunsa suka ci gaba da tafiya a kan tsirkiya na ɗan lokaci, ba sauti, kafin ya gane. Ya tsaya, ya dubi mutane, ya sunkuya ya fara naɗe waya. Na je na dafa shi, na ce bari in yi wa manajan magana. Ya ce, "Yaya, bar shi kawai, kada gobe ya ƙi kiran mu." Wannan kalmar ce ta karya mini zuciya. An zalunce shi, kuma tsoronsa kada a daina ba shi damar a sake zaluntarsa. Waƙar da aka katse, rabi da Hausa rabi da Sayanci, a kan mahaifiyarsa ya yi ta. Sau uku na ji suna gwada ta a bayan shagona, kuma wallahi wurin da bes da ganga suke shiga tare a amshi, tsigar jikina tashi take yi. Ba a bar su sun kai wurin ba.

Ban kama sunan lambun ba, ba kuma zan kama ba. Mai shi yana karanta ni. Cikon 25,000 ne, ka san inda suke.

Tun da na zo kan batun kaya ma, don girman Allah ku daina jona amfilifaya kai tsaye da janareto. A watan nan kaɗai uku aka kawo mini duk tiransifoma ta ƙone, ɗaya ta coci, biyu na 'yan biki. Ƙaramin janareto in aka ɗora masa firiji da fitilu, wutarsa hawa da sauka take yi, ita ce ke cinye muku kaya. Ku sayi sitabilaiza, ku bar janareton ya daidaita kafin ku kunna, kuma amfi ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa. Sannan bawan Allahn da ya ajiye mini baƙar sifika mai yagaggen kwali tun kafin azumi, na gyara ta tuntuni, tana cin mini wuri. Ka zo ka ɗauka, ina shago har ƙarfe 6.