Ni da Ganuwar Narikala

Kun dai san autanmu yana karatun likita a Tibilisi, babban birnin Jojiya, kuma ni aka tura in gano shi. Kwana na uku ya ce, "Yaya, mu hau Narikala." Wata tsohuwar ganuwa ce a kan dutse a saman birnin. Muka shiga motar nan mai rataye a igiya, kafin in gama addu'a mun iso kan dutse.

Yana ta zuba min tarihi: wai tun ƙarni na 4 aka fara ginin, Larabawan Banu Umayya suka faɗaɗa shi, Sarki Dauda Magini ya ƙara bayan ya ƙwace birnin a 1122, sai a 1827 babban ɓangare ya rushe. Na ce masa wanda ya hau Dala yana ɗan shekara bakwai ba a yi masa burga da tudu.

Hawa kan ganuwar lafiya lau. Matakalar siririya, ba abin dafawa, ni kuma ga babbar riga ga sau-ciki mai santsi, don hoto na zo. Da na kai can sama na waiwayo, sai na hango hasumiyar masallacin jan bulo da ƙubbobin gidajen wanka a ƙasa kamar an kife ƙore. Gwiwata ta ce ba da ita ba. Iska ta cika rigar tim, hulata ta yi gaba. Na zauna daɓas. Na fara saukowa da jan gindi, mataki ɗaya, salati ɗaya.

Ana haka wata tsohuwa ta biyo bayana. Wallahi ta girmi Hajiya. Baƙaƙen kaya, jaka a hannu, ko haki ba ta yi. Ba hanyar wucewa, sai ta tsaya a kaina tana cewa "nela-nela", wato sannu-sannu, tana buga min kafaɗa kamar mai lallashin yaron da aka yaye. Duk matakin da na sauka sai ta tafa. Tafi fa! Wasu ma suka taya ta. Abin da ya fi ƙona min rai, da muka sauko alewa ta ciro ta miƙa min. Na karɓa kuwa.

Auta yana ƙasa da waya a hannu. Ya rantse ya goge, amma jiya Anti ta kira tana tambayata ko wandon ya ɗinku.

Hular dai zanna ce, sabuwa.