Gwiwar Umma da ruwan da muka rasa a Kano

Shekara uku ke nan Ummanmu tana sallah a kan kujera. Farar kujerar roba ce irin ta gidan biki, tana nan gefen gadonta kusa da darduma. Amosanin gaɓɓai ya ci mata gwiwa biyu, ta dama ta fi tsanani. Da aka ɗauki hoto sai aka ga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya siɗe, ƙashi yana gugar ƙashi.

Duk mai tsohuwa a gida ya san sauran labarin. An shafa man zafi, an yi ƙaho, an jiƙa saiwa, an sha haɗin kemis. Diclofenac kuwa ta sha shi kamar gyaɗa, har likita ya ce ta dakata kafin ya huda mata ciki ko ya taɓa ƙoda. Shi ne ya tura mu wajen masu gashin ƙashi. A can aka ce abu biyu ake so: ta rage ƙiba, ta kuma ƙarfafa naman cinya don ya tallafi gwiwar. Duka biyun sai da motsi, motsin kuma shi ne azabar. Umma ta dubi matashiyar da ke duba ta ta ce, "'Yar nan, kin ce in riƙa tafiya, to da wace ƙafar?"

Yarinyar ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, da za a samu ruwa ki shiga, da kin sha mamaki."

Ni da na ji haka na ɗauka gashi da tawul da ruwan zafi take nufi. Ashe shiga za a yi tsundum. Bayanin da ta yi mana mai sauƙi ne, duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya ya san shi: guga ba ya nauyi sai ya baro ruwa. Haka jikin mutum. In ruwa ya kai ƙugu, kusan rabin nauyinka ne kawai ke kan ƙafafunka. In ya kai ƙirji, kamar kashi ɗaya cikin uku. In ya kai wuya, wajen kashi 10 cikin 100. Umma kilo 90 ce. Ke nan in ta tsaya ruwa iya ƙirji, gwiwar da ta saba dakon kilo 90 za ta ɗauki wajen 30 ne. Ga shi ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka kowane taku sai ka tura shi, naman cinya yana aiki ba tare da ƙafa ta daki ƙasa ba. Sannan ruwan yana matse ƙafa ta kowane ɓangare, abin da ke taimakawa wajen sassaɓe kumburi.

Neman ruwan ne ya zama aiki. Mun yi sati biyu muna yawo kafin wani otal ya yarda ya ba mu kwamin ninƙayarsa da ƙarfe shida da rabi na safe, kafin baƙi su tashi. Shawo kan Umma ya fi wannan wuya. Mace mai shekara 64, wadda ko tsakar gida ba ta fita ba mayafi, a ce ta shiga wurin wankan otal? Cewa ta yi, "Ke, da girmana? In wani ya gan ni in ce me?" Sai da na ɗinka mata doguwar riga mai kauri da wando har idon sawu, da ƙaramin hijabi mai kama kai, na kuma yi mata rantsuwa ba namijin da zai gifta.

Watan Afrilu ne, ruwan ya kwana da ɗumin rana. Ta sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, hannunta na dama ya damƙe ƙarfen gefe, na hagu ya damƙe wuyan hannuna har sai da farcenta ya bar mini shaida, bakinta yana ta Hasbunallahu. Da ruwa ya kai mata ƙirji sai ta yi shiru. Mai gashin ta ce, "Hajiya, ɗaga ta daman a hankali." Ta ɗaga, ta lanƙwasa, ta miƙe. Ta sake yi ba a ce mata ba. Can sai ta saki ƙarfen, ta taka daga wannan gefe zuwa wancan, sandarta tana jingine da kujera a waje. Da ta juyo sai ta ce da ni, "Ke, ashe ƙafar tana nan."

Kada wani ya karanta wannan ya ce an samu maganin amosani. Ruwa ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi. A 2016 masu bitar bincike na Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 13 da aka yi a kan mutum 1,190 masu amosanin gwiwa ko ƙugu, abin da suka samu shi ne sauƙin ciwo da ƙarin iya motsi, amma ɗan daidai ne, kuma na gajeren lokaci aka tabbatar. Ni ma abin da na gani ke nan. Har yau Umma ba ta kai goshinta ƙasa ba. Sai dai bayan wata biyu tana zuwa sau biyu a sati, ta koma hawa dakalin ƙofar gida ba a riƙe ta ba, ta je barka har layin baya da ƙafarta, ƙwayar ma ta ragu sosai. Wanda bai yi jinya ba zai ga wannan ƙaramin abu ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu ba baƙin ruwan ɗumi ba ne. Wace Bahaushiya ce ba ta san wankan jego ba, kwana arba'in safe da yamma, da ganyen darbejiya ana fyaɗawa? Mun yarda ɗumi yana sakin jiki. Matsalarmu wuce gona da iri, har likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da tafasasshen wanka da kwanciya kan gado mai wuta da kunun kanwa. Ruwan gashi na asibiti tsakanin digiri 33 zuwa 35 ake ajiye shi, bai ma kai ɗumin jikin mutum ba. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari, mai digiri 31 rani da damina, ya ɗan ɗanɗana yadda abin yake.

Kuma ba tsofaffi kaɗai ba. Ga masu shanyewar ɓarin jiki da ke tsoron faɗuwa in an ce su koyi tafiya, ga wanda aka yi wa aiki a Asibitin Ƙashi na Dala aka ce kada ya ɗora nauyi duka a kan ƙafar, ga direbobin Adaidaita Sahu da bayansu ya riƙe. Ga kuma 'yan'uwanmu da shan inna ta taɓa, waɗanda Kano ke da su da yawa. Franklin Roosevelt, wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, ƙafafunsa sun shanye a 1921, a 1924 ya fara zuwa wani ruwan ɗumi a jihar Jojiya. Bai warke ba, amma abin da ya ji a ruwan ya sa ya sayi wurin ya mayar da shi cibiyar kula da masu irin larurarsa. Mu an tabbatar da kawar da asalin nau'in ƙwayar cutar shan inna daga Afirka a 2020, waɗanda ta riga ta kama kuma suna nan a kan kekunansu.

Masana ba su muka rasa ba, Jami'ar Bayero tana yaye masu gashin ƙashi, mata da maza. Wuri muka rasa: kwami mai rufi, ruwa iya ƙirji, da ƙarfen riƙewa, da gangara ga mai keke, ranakun mata daban da ma'aikata mata zalla. Za a ce garin da ake sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa ina shi ina wannan. To ai ruwan kwami ba kullum ake zubar da shi ba, tacewa ake yi a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ɗumamawa kuma ga rana Allah Ya ba mu kyauta. Kowace unguwa yanzu sai ka ga sabon ɗakin biki ko gidan mai. A cikin attajiran Kantin Kwari da Singa, a rasa mutum ɗaya da zai gina wannan ya yi waƙafinsa? Mahaifiyarsa ma ƙila a kujera take sallah.

Don Allah kada wani ya ɗauki tsohonsa ya nufi kududdufi ko madatsar ruwan Tiga, tsargiya za ku kwaso, in ma ba a nutse ba. Mai ciwon zuciya kuma sai da izinin likita, domin matsin ruwan yana tura jini zuwa ƙirji ya ƙara wa zuciya aiki. Haka mai farfaɗiya, da mai gyambon ciwon suga a ƙafa, da mai zazzaɓi ko gudawa, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba. Kuma dole mai gashin yana tsaye a wurin.

Mu dai a Nuwamba muka tsaya. Hunturu ya shigo, ruwan otal ya koma kamar na randa, ranar ƙarshe Umma ta fito haƙoranta suna haɗuwa, gwiwar ta ƙara riƙewa. Yanzu motsin zaune take yi a bakin gado, da ƙaramin buhun yashi ɗaure a ƙafa. Rigar ruwan tana ninke a ƙasan akwatinta. Jiya ina shafa mata man zafi ta tambaye ni saura wata nawa bazara ta kama. Tunda nake ban taɓa jin mutumin Kano yana ɗokin zafin Afrilu ba sai ita.