Mujiyar fadama da wutar da muke cinna wa ciyawa

Mujiya ba ta da farin jini a wurinmu. In an tsani mutum a gari sai a ce an mai da shi mujiya, in kuma ta yi kuka a kan soro da dare akwai masu kwana da fargabar mutuwa. Malamai sun sha faɗa cewa camfi ne, kuma Annabi (SAW) ya kore shi a hadisi ingantacce. To amma akwai wata mujiya da ba ta hawa soron kowa, ba ta shiga kango ko kogon kuka, kuma ɓarnar da muke mata ta fi ta camfi nesa ba kusa ba. Ashana guda ta ishe ta.

Ita ce mujiyar fadama, wadda masana ke kira Asio capensis, masanin dabbobi Andrew Smith ne kuma ya fara yin bayaninta a Afirka ta Kudu a 1834. Tsawonta bai wuce santimita 31 zuwa 38 ba. Launinta ruwan ƙasa ne, fuskarta ta fi jikinta haske, idanunta masu duhu da baƙin zane kewaye da su, ga wasu 'yan tukkaye biyu a goshi da ba kasafai take ɗaga su ba. Ana samunta tsilla-tsilla a ƙasashen kudu da Sahara, da Madagaska, da wani ɗan yanki na Maroko. A Najeriya an san ta a filayen ciyawa na tsaunin Jos da wajen Tafkin Chadi.

Duk rayuwarta a ƙasa take. Da rana tana laɓe a cikin ciyawa mai duhu, inda ta murza wani ɗan gurbi da jikinta. Ba ta jiran dare ya raba. Da la'asar sakaliya take tashi, ta riƙa shawagi ƙasa-ƙasa a saman ciyawa, ta je ta dawo, ta ɗan tsaya cak a iska, sannan ta faɗa da ƙafafu. Ɓera ne babban abincinta, sai fara da buzuzu da shinge, wani lokaci kwaɗo ko ƙaramin tsuntsu. Kukanta ma ba irin na mujiyar gari ba ne, wata ƙara ce mai kaushi kamar ana yaga sabon ƙyalle.

Sheƙar ita ce inda matsalar take. A gindin tushen ciyawa take yin ta, ta ja ganyen ya rufe ta daga sama. Ƙwai biyu zuwa huɗu take yi galibi, macen ta kwanta a kansu kusan kwana 28, namijin yana kawo mata abinci. 'Ya'yan kan bar sheƙa tun suna da mako biyu zuwa uku, su bazu cikin ciyawa da ƙafa, amma ba sa iya tashi sai sun yi kusan wata guda ko fiye. Idan mutum ko kare ya matso, uwar kan faɗo ƙasa tana jan fiffike, tana birgima, don a bi ta a bar 'ya'yan. Wannan dabara tana aiki a kan kare da dila. A kan wuta kuwa ba ta da wani amfani. Kuma tsuntsuwar tana yawan yin ƙwai ne daga ƙarshen damina zuwa farkon rani, lokacin da ciyawa ta cika ta fara bushewa ɓeraye suka yi yawa, wato daidai lokacin da muke fara cinna wa daji wuta. A lissafa: wata guda na kwanci, wata guda na reno, wata biyu ke nan zuriyarta na kwance a cikin makamashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dalilin wutar. Sau da yawa samari ne 'yan farauta ke ƙona fadama sukutum don su kori gafiya da ɓera. Su samu na gashi na yini ɗaya, su halaka mai kama ɓeran da ke yi wa manomin shinkafa aiki kowace yamma ba ko sisi. Manomin kuma ya koma kasuwa sayen maganin ɓera, ɓeran da ya ci guba yana tangaɗi mujiya ta ɗauke shi, ita ma gubar ta shiga jikinta.

Na san abin da za a ce. Makiyayi yana ƙona tsohuwar ciyawa ne don toho ya fito wa shanunsa, mai noman rani kuma ba zai bar fadama ga tsuntsu iyalinsa na jiran tumatir da albasa ba. Gaskiyarsu ce, ba kuma na cewa a hana su. Za a kuma ce ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan mujiya a jerin tsuntsayen da ba su cikin haɗari. Haka ne, amma lissafin nahiya guda ne, yawan da ke kudanci da gabashin Afirka shi ke rufe giɓin sauran wurare. A Maroko, inda aka janye ruwan dausayoyi aka mai da su gonaki, ta ragu har sai a 'yan wurare irin su Merja Zerga ake ganinta. Tamu ma a warwatse take, fadama nan fadama can, in aka share ɗaya babu wata kusa da za ta koma.

Abin da nake nema kaɗan ne. A bar zirin ciyawa a bakin fadama, a share hanyar tare wuta kewaye da shi kafin a kunna. Inda ciyawa ta yi duhu a wuri mai damshi, a jinkirta ƙonawa har 'ya'yan tsuntsaye su yi fiffike. Ƙonawa don farautar ɓera kuwa a hana ta ɗungurum, kuma hanin ba sai an jira doka daga Abuja ba. Mai unguwa da sarkin noma da arɗo, in suka zauna da shugabannin 'yan farauta kafin kaka ta ƙare, za su iya tsayar da wurin da za a ƙona da watan da za a ƙona shi.